Girgijen Kwamfuta Ko Rumbun Gida: Ina Duniya Ta Dosa, Ina Aka Bar Arewa?

A ranar Alhamis, 14 ga Maris, 2024, ana cikin kwanakin farko na watan azumi, wasu manyan wayoyin sadarwa guda huɗu da ke kwance a ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace daura da gaɓar birnin Abijan na ƙasar Kwaddibuwa. Kafin rana ta faɗi, intanet ta yi rauni ko ta ɗauke ɗungurungum daga Laberiya zuwa Gana da Binin da Najeriya. Manhajojin wasu bankunanmu suka ƙi buɗewa, masu sana'ar POS suka yi cirko-cirko da na'ura a hannu. An samu sauƙi cikin 'yan kwanaki bayan an karkatar da sadarwa ta wasu wayoyin, amma gyaran kansa sai da ya ci makonni.

Mai karatu zai iya tambaya: me ya haɗa ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke son tura kuɗi ga maƙwabcinsa na Sabon Gari da wata waya da ta tsinke a ƙasan tekun Abijan? Amsar ita ce, wani sashe na aikin da ke bayan wannan ciniki ba a Kano ake yin sa ba, wani lokaci ma ba a Najeriya ba. A cikin abin da masana ke kira girgije ake yin sa. Sunan yana da daɗin ji, sai dai yana ruɗar mutane, domin girgijen nan ba a sama yake ba. Gini ne na ƙarfe da kankare, a wata ƙasa mai suna, yana shan wutar lantarki, ana biyan hayarsa da dala, kuma yana ƙarƙashin dokar wata hukuma.

Ni a ganina, makomar wannan fanni a kan abubuwa uku za ta rataya: kuɗi, lantarki, da doka. Duk wanda ya fahimci inda waɗannan uku suka dosa, zai san abin da ya kamata ya yi haya da abin da ya kamata ya riƙe a hannunsa. Wannan magana ta shafi shugaban asibiti da magatakardar jami'a da manajan ƙaramin banki da kwamishinan kuɗi, ba injiniyoyin kwamfuta kaɗai ba.

Haya, shata da motar kai

Kafin mu yi nisa, bari mu daidaita kalmomi. Duk saƙon da ka tura, ko hoton da ka ɗora, ko kuɗin da ka aika ta waya, akwai wata kwamfuta a wani wuri da ke karɓa, ta sarrafa, ta adana. Irin wannan kwamfuta mai yi wa sauran hidima dare da rana ita ake kira uwar garke. Ba ta da allo, ba ta da ado. Ana jera irinta da yawa a dogayen akwatunan ƙarfe, a kuma jera akwatunan ɗaruruwa a gini guda mai na'urorin sanyaya wuri da batura da janareto da masu gadi. Wannan gini shi ne cibiyar ajiyar bayanai.

Mai buƙatar uwar garke kamar matafiyi ne, hanyoyi uku ne a gabansa. Yana iya zuwa tasha ya shiga motar haya, ya biya kuɗin kujera ɗaya, ya sauka inda ya ga dama: wannan shi ne girgije, inda ake amfani da manhaja a rarraba inji guda kashi-kashi, kowane kaso yana aiki tamkar kwamfuta mai zaman kanta, ana caji bisa awa ko daƙiƙa. Yana iya ɗaukar shatar mota sukutum, babu wani fasinja sai shi, ya biya a wata ko a shekara: wannan ita ce keɓaɓɓiyar uwar garke. Yana kuma iya sayen motarsa, ya ajiye ta a gida, ko ya kai ta garejin da ake biya a kula da ita: wannan shi ne mallakar inji, ko a ofis ko a cibiyar wani.

Kamfanin Amazon ne ya buɗe babbar tashar hayar a 2006, lokacin da ya fara ba da hayar ma'ajiya a watan Maris, ya biyo da hayar injinan sarrafawa a watan Agusta. Microsoft da Google suka bi sawu. Su ukun nan ne ke riƙe da fiye da kashi 60 cikin 100 na wannan kasuwa a duniya, kuma dukansu na Amurka ne. Abin da ya sa aka yi rububinsu a fili yake: matashin da ba shi da jarin sayen inji yana iya buɗe kamfani da katin banki kawai, in abokan ciniki sun ƙaru ya ƙara kujeru cikin minti biyar, in sun ragu ya rage. Shekara da shekaru ana ɗaukar cewa duk wanda bai koma girgije ba, zamani ya bar shi a baya.

Lissafin kuɗi ya fara juyawa

Amma wanda ke tafiya hanya ɗaya kullum, da kaya iri ɗaya, wata rana zai zauna ya yi lissafi, ya ga kuɗin motar hayar da ya biya ya isa ya saya masa mota. Kamfanin Dropbox mai adana wa jama'a takardu da hotuna ya yi wannan lissafi tun da wuri. Ya kwashe mafi yawan bayanansa daga hannun Amazon zuwa injinansa na kansa, kuma a takardun da ya gabatar a 2018 lokacin shiga kasuwar hannun jari, ya nuna cewa ya rage kashe kusan dala miliyan 75 cikin shekara biyu. Wani ƙaramin kamfanin manhaja na birnin Chicago mai suna 37signals ya bayyana cewa ya biya dala miliyan 3.2 a matsayin hayar girgije a 2022 kaɗai. Sai ya sayi injinan Dell da kuɗinsu bai kai dala miliyan 1 ba, ya ajiye su a cibiyoyin da yake hayar wuri, ya kuma yi ƙiyasin zai tsira da dala miliyan 7 cikin shekara biyar. A 2024 ya ɗaga ƙiyasin zuwa fiye da miliyan 10.

Dalilin bai da wuyar ganewa. Mai girgije yana cajin ka kuɗin sauƙi da kuɗin damar faɗaɗawa nan take, ko ka yi amfani da damar ko ba ka yi ba. Akwai kuma wani caji da ba a cika lura da shi ba sai ranar biya: shigar da bayanai kyauta ne, fitar da su kuwa da kuɗi, bisa yawan abin da ka fitar. Wannan ya sa barin mai girgije ya zama kamar tashi daga gidan haya inda mai gida ke karɓar kuɗi a kan kowace kujera da ka fitar ta ƙofa. A farkon 2024 Google da Amazon da Microsoft suka sanar da yafe wannan caji ga mai son tashi gaba ɗaya. Ruwa ba ya tsami banza: Tarayyar Turai ce ta kafa dokar bayanai da ta fara aiki a Satumban 2025, wadda ta tanadi soke kuɗin sauya sheƙa kwata-kwata daga Janairun 2027.

A wajenmu lissafin ya fi zafi. Kafin Yunin 2023 dala ɗaya tana kimanin naira 460 a farashin hukuma. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Kamfanin da ke biyan dala 1,000 a wata, wato naira dubu 460, sai ya wayi gari yana biyan naira miliyan ɗaya da rabi, alhali bai ƙara ko kujera ɗaya ba, kuma abokan cinikinsa da naira suke biyan sa. Wannan ne ya sa kamfanoni da dama suka fara leƙa masu girgije na cikin gida irin su Layer3 da Nobus da Galaxy Backbone. A Janairun 2025 Amazon ya fara karɓar naira, abin da ya rage wahalar neman dala, amma bai cire farashin daga jikinta ba.

Kada a fahimce ni da cewa kowa ya je ya sayi inji. Mai motar kansa shi ke biyan direba da makanike, shi ke kwana a hanya in taya ta fashe. Uwar garke tana buƙatar ƙwararren da zai tashi da tsakar dare in ta tsaya, kuma irin waɗannan ƙwararru su ne ƙasashen waje ke kwashe mana. Aikin da ke hawa da sauka, kamar shafin duba sakamakon jarrabawa da ke cika maƙil mako guda ya koma fayau sauran shekara, girgije ne ya dace da shi. Aikin da nauyinsa ba ya canzawa, kamar rajistar majinyata ko albashin ma'aikata, shi ne shata ko mallaka ta fi yi wa araha.

Masu girgijen kansu sun gane haka. Tun 2018 Amazon ke ba da hayar inji sukutum ba tare da rarrabawa ba, tun ƙarshen 2019 kuma yake kai akwatun injinansa har cikin ginin abokin ciniki. Ga kuma manhajar Kubernetes da Google ya saki kyauta a 2014, wadda ke ba da damar ɗaure aiki a ƙunshi guda a ɗauke shi daga wannan inji zuwa wancan. Ke nan katangar da ke tsakanin haya da shata tana ta zaizayewa, kuma gauraya ita ce inda aka dosa.

Ƙirƙirarriyar basira da ƙishirwar lantarki

Abu na biyu ya fi na farko girma. Tun da manhajar ChatGPT ta fito a Nuwamban 2022, ƙirƙirarriyar basira ta sauya fasalin cibiyoyin ajiyar bayanai. Injinan da ke horar da irin waɗannan manhajoji, waɗanda kamfanin Nvidia ya mamaye kasuwarsu, mayun wuta ne. Akwatun injina na gargajiya yakan sha kilowat 5 zuwa 10. Sabon akwatun Nvidia guda ɗaya yana shan fiye da kilowat 100. Zafin da yake fitarwa ya fi ƙarfin iskar na'urar sanyaya ɗaki, dole sai an bi da ruwa ta cikin bututu har jikin injin. Tsofaffin gine-gine da yawa ba za su iya ɗaukar wannan nauyi ba sai an sake musu tsari.

Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na Afrilun 2025 cewa cibiyoyin ajiyar bayanai sun sha wuta yunit biliyan 415 a 2024, irin yunit ɗin da muke saye a mita. Wannan ya kai kusan kashi 1.5 cikin 100 na wutar duniya, kuma ya ninka abin da babban layin wutar Najeriya ke samarwa a shekara kusan sau goma. Hukumar ta yi hasashen adadin zai kai kimanin biliyan 945 a 2030. A ƙasar Ayalan, inda manyan kamfanonin Amurka suka yi sansani, waɗannan cibiyoyi sun sha kashi 21 cikin 100 na wutar ƙasar a 2023, fiye da abin da dukan gidajen birane suka sha.

Ƙishirwar ta kai ga kamfanonin manhaja sun koma 'yan kasuwar makamashi. A Satumban 2024 Microsoft ya ƙulla yarjejeniyar shekara 20 domin a sake tayar da wani injin nukiliya da aka kashe a 2019 a tashar Three Mile Island ta jihar Pennsylvania, ya saye wutar gaba ɗaya. Ƙarfin injin megawat 835 ne. Domin mai karatu ya auna, madatsar Kainji an gina ta ne a kan megawat 760, Shiroro kuwa 600. Kamfani ɗaya ke nan ya yi shatar abin da ya fi Kainji. A Mayun 2024 kuma, da Microsoft da kamfanin G42 na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka sanar da shirin gina cibiya a Kenya, yankin Olkaria suka ambata, saboda wutar da ake samarwa a can daga tururin ƙarƙashin ƙasa.

Darasin a nan shi ne, a da cibiya takan bi inda jama'a da kasuwa suke. Yanzu manyan cibiyoyi inda wuta take suke bi, wuta mai yawa, mai araha, wadda ba ta ƙiftawa. Wannan hukunci ne mai tsanani ga ƙasar da mutum fiye da miliyan 200 ke rabon megawat dubu huɗu zuwa biyar.

Dokar wa ke bin bayananka?

Abu na uku shi ne iko. A Maris 2018 Amurka ta kafa dokar da ake kira CLOUD Act, wadda ta ba hukumominta damar tilasta wa kamfanonin ƙasar su miƙa bayanan da ke hannunsu ta hanyar umarnin kotu, ko a wace ƙasa aka ajiye su. Ma'ana, zaman inji a Faris ko a Legas bai fitar da shi daga hannun wannan doka ba, matuƙar mai injin kamfanin Amurka ne. A Yunin 2025 wani babban jami'in Microsoft a Faransa ya amsa a gaban kwamitin majalisar dattawan ƙasar cewa ba zai iya ba da tabbacin ba za a taɓa miƙa bayanan Faransawa ga hukumomin Amurka ba. Wannan fargaba ce ta sa Turai ke ta maganar girgije mai 'yancin kai, har Amazon ya ware Yuro biliyan 7.8 domin gina wani keɓaɓɓen girgije a jihar Brandenburg ta Jamus.

Idan ƙasashen da ke ƙawance da Amurka suna wannan taka-tsantsan, ina ga mu? A takarda dai ba a bar mu a baya ba. Tun 2013 ƙa'idojin hukumar NITDA suka ce a ajiye bayanan gwamnati a cikin ƙasa. A 2019 hukumar ta fitar da manufar da ke ƙarfafa ma'aikatu su fifita girgije. A Yunin 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukuma ta musamman, ta kuma gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan 'yan ƙasa zuwa waje. Abin da ya rage shi ne mai sa hannu a kwangila ya san waɗannan dokoki sun hau kansa. Shugaban asibitin da ya miƙa tarihin lafiyar dubban mata ga ɗan kwangila, bai tambayi ƙasar da za a ajiye shi ba, amana ya saka a hannun wanda bai sani ba.

Gobara ba ta tambayar mai rumbu

Masu tallar girgije sukan ce ya fi aminci, masu tallar inji sukan ce abin da ke hannunka shi ne naka. Abubuwan da suka faru a 'yan shekarun nan sun ƙaryata kowane ɓangare. A ranar 20 ga Oktoba, 2025, wani kuskure a tsarin da ke nuna wa kwamfutoci adireshin juna ya auku a cibiyoyin Amazon na arewacin jihar Virginia. Sa'o'i da dama manhajoji irin su Snapchat da Signal suna tangal-tangal, har bankin Lloyds da hukumar haraji ta Ingila abin ya shafa. Idan duniya ta tara ƙwanta a kwando uku, tuntuɓe ɗaya ya isa.

A ɗaya gefen kuma, a ranar 10 ga Maris, 2021, gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVHcloud a birnin Strasbourg na Faransa, kamfanin da ya shahara da ba da shatar injina. Miliyoyin shafukan intanet suka ɗauke, kuma waɗanda ba su da kwafi a wani wuri sun yi asarar bayanansu har abada. Mafi muni shi ne abin da ya sami Koriya ta Kudu a ranar 26 ga Satumba, 2025, lokacin da batura suka kama da wuta a cibiyar bayanan gwamnati da ke birnin Daejeon. Ayyukan gwamnati fiye da 600 suka tsaya, kuma wata ma'ajiyar takardun ma'aikata mai girman terabayit 858 ta ƙone ba tare da kwafi ba. Wannan a ƙasar da ke sahun gaba a fasaha ke nan. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: kwafi nawa gare ka, a wurare nawa, kuma yaushe rabon da ka gwada dawo da su? Ƙa'idar da masana suka daɗe suna bi ita ce kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gari daban.

Taswirar Afirka da gurbin Arewa

Duk Afirka ba ta riƙe da ko kashi 2 cikin 100 na ƙarfin cibiyoyin bayanai na duniya, kuma kaso mafi tsoka na wannan ɗan abin yana Afirka ta Kudu. A can Microsoft ya buɗe cibiyoyinsa a 2019, Amazon a birnin Cape Town a 2020, Google a Johannesburg a 2024. A Najeriya kuwa, Legas ce ta kwashe kusan komai, domin a gaɓarta wayoyin teku ke sauka: MainOne da Glo-1 a 2010, WACS a 2012, Equiano na Google a 2022. A can Rack Centre take, a can kamfanin Equinix na Amurka ya sayi MainOne a kan dala miliyan 320 a 2022, a can Amazon ya buɗe ƙaramin reshen girgijensa a Janairun 2023, a can kuma MTN ya buɗe sabuwar cibiyarsa a 2025.

Kusanci yana da amfani na zahiri. Haske yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa a cikin wayar fayiba. Wayar MainOne daga Legas zuwa Fotugal kilomita 7,000 ce, zuwa da dawowa ke nan zai ci kashi 7 cikin 100 na daƙiƙa, kuma buɗe shafi guda kan buƙaci irin wannan zirga-zirga sau da yawa. Shi ya sa ake ta matso da ƙananan cibiyoyi kusa da masu amfani. To amma matsowar a Legas ta tsaya. Mutumin Sakkwato ko Maiduguri ɗan haya ne a gidan ɗan haya: bayanansa sai sun bi waya ta fiye da kilomita dubu, wadda masu aikin titi da ɓarayi ke yankewa ba dare ba rana, kafin su isa bakin teku.

Muna kuma da namu matsalolin da Legas ba ta san su ba. A Satumban 2021 aka rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna suka biyo baya, aka ɗauki makonni a haka. A irin wannan rana, asibitin da duk rajistarsa ke girgije ya koma takarda da biro, ko ya tsaya cak. A Oktoban 2024 kuma, lalata layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna da matsalar layin Ugwuaji zuwa Apir suka jefa mafi yawan jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda. A irin wannan rana, wanda ya ajiye inji a ofis ba tare da hasken rana da batura ba, ƙarfe kawai ya ajiye. Yankinmu ya ɗanɗana mutuwar hanyoyin biyu, don haka ya fi kowa hujjar gauraya su.

Ba daga sifili za mu fara ba. A Janairun 2023 aka ƙaddamar da cibiyar ajiyar bayanai ta Galaxy Backbone a Kano, a wata guda da tashar wutar hasken rana mai megawat 10 a Kumbotso. Cibiyar musayar intanet ta ƙasa, wadda ke hana saƙon cikin gida zagayawa ta Turai, tana da reshe a Kano. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. A 2020 aka fara shimfiɗa bututun iskar gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, a 2024 kuma gwamnatin tarayya ta amince da shirin shimfiɗa wayar fayiba mai kilomita 90,000. Zafin rana da ƙurar hunturu suna ƙara tsadar sanyaya injina, gaskiya ne, amma birnin Phoenix da ke hamadar Arizona yana cikin manyan matattarar cibiyoyin bayanai a Amurka. Abin da ya kai su can shi ne wuta da fili da waya.

Abin yi

Ga shugabannin ma'aikatu da jami'o'i da asibitoci da kamfanoni, shawarata ita ce a raba bayanai gida uku kafin a sa hannu a kowace kwangila. Abin da aiki ba ya yiwuwa sai da shi ko da intanet ta ɗauke, a ajiye shi a ƙaramar uwar garke a cikin gida, mai hasken rana da batura, tana aika kwafi waje duk lokacin da layi ya samu. Abin da ya shafi sirrin jama'a, a kai shi cibiya ta cikin ƙasa da ake biya da naira. Abin da ke hawa da sauka, ko yake buƙatar manyan injinan ƙirƙirarriyar basira da ba mu da ƙarfin saye, a yi hayarsa a girgije ba tare da jin kunya ba. Sannan a yi wa ɗan kwangila tambayoyi huɗu a rubuce: a wace ƙasa bayanan za su zauna, da wane kuɗi za a biya, nawa ne kuɗin fitar da su ranar rabuwa, kuma da sunan wa aka buɗe asusun. Tambaya ta ƙarshe ita ce aka fi mantawa, kuma ita ce ke sa ma'aikata ta wayi gari makullin rumbunta yana aljihun wanda ta sallama.

Ga gwamnoninmu kuwa, ina roƙon kada kowa ya ruga gina tasa cibiyar domin a yanke ƙyalle a ɗauki hoto. Cibiya 19 marasa wuta ba su kai guda biyu masu aiki ba. Abin da ya fi shi ne jihohi su zama abokan cinikin wadda ke Kano, su haɗa kai a samar da ta biyu a Arewa maso Gabas domin kowace ta riƙe kwafin 'yar'uwarta. Su sauke harajin haƙa ramin fayiba zuwa naira 145 a kan kowace mita kamar yadda aka amince a matakin ƙasa, ko su yafe shi kamar yadda Kaduna ta yi a 2020. Su yi amfani da dokar 2023 su ware fili mai wutarsa ta kansa, ta rana da ta gas. Jami'o'inmu da kwalejojin fasaha kuma su tuna cewa bayan masu rubuta manhaja, ana buƙatar masu haɗa fayiba da masu kula da batura da na'urorin sanyaya wuri, kuma irin wannan aiki dole a inda injin yake ake yin sa, ba a iya yin sa daga Landan.

Masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Haya ba aibi ba ce, kowa na yin ta, har manyan bankunan duniya. Aibin shi ne mutum ya yi hayar komai, har da abin da rayuwarsa ta dogara a kai, bai san inda aka ajiye ba, bai kuma tanadi mafita ba. Ana zana taswirar cibiyoyin da za su yi aiki shekara ashirin masu zuwa a yanzu, kuma masu zuba jari wuta da waya suke dubawa kafin su dubi yawan jama'a. Idan Arewa ba ta samar da waɗannan biyu ba, rajistar filayenta da tarihin majinyatanta da sakamakon ɗalibanta za su ci gaba da kwana a gidan wasu, mu kuma mu ci gaba da biyan haya a farashin da ba mu da ta cewa a kansa.